Sauro a Jikin Jita

Da rana bas nake tuƙawa a titunan Sheffield,
da dare kuma bas nake kaɗawa,
jita mai tsirkiya huɗu, mai muryar bajimin sa.
Shekara tara ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Sai daren Talatar nan.
Na taɓa tsirkiya ta biyu, ta yi gurnaninta yadda ta saba,
amma can bayan gurnanin
wani abu ya ce ziiii,
siriri, mai naci, kamar sauron da ya san sunanka.

Na zargi waya, na canza waya.
Na zargi amfilifaya, na zare ta daga bango.
Ba wuta, ba lasifika, daga ni sai itace da ƙarfe,
sauro na nan.

Na bi kunnuwan ɗauri ɗaya bayan ɗaya da sifana.
Na ukun ya ɗan motsa,
na ce madalla, ɓarawo ya shiga hannu.
Na ɗaure shi tamau. Na kaɗa.
Ziiii.

Na kwashe cokula daga kan tebur,
na sauke hoton Inna daga bango,
na dafa hitar ɗaki da tafin hannu, ko ita ke amsa mata.
Rumasa'u ta leƙo da kayan barci:
"Baba, ɗaya saura kwata."
Na ari ribom ɗin gashinta, ja mai ɗigon fari,
na naɗe tsirkiyoyin can sama, kusa da kai,
inda yatsa ba ya zuwa.
Sauro ya sassauta murya kamar mai jin kunya,
sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na kwanta ina tsoron ko kunnena ne.
Injin mota ya daɗe yana ruri a bayana.

Laraba da hantsi Wragg na ƙasan bene ya ƙwanƙwasa.
Na zaci ƙorafi ya kawo.
Shekara arba'in ya yi yana wasa wuƙaƙe a masana'anta,
kunnen hagu ya mutu, na dama yana jinya.
Ya ce shi bai ji kiɗa ba,
sawuna dai ya ji, kai da komo har asuba.

Ya zaro dogon sukundireba daga aljihun kwat,
ya ɗora tsinin a kan jakin jita,
ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa.
"Kaɗa."
Ya runtse ido. Ya gusa, takun tururuwa.
"Kaɗa."
Ya gusa.
"Sake."
Sai gemunsa ya yi murmushi.

Ɗan sifirin ne, bai kai tsawon farce ba,
ya saki jiki a kan kusarsa
yana rawarsa shi kaɗai duk sa'ad da aka yi kiɗa.
Ɗan hakin da ka raina!
Wragg ya ja shi da yatsu masu tabo, ya ƙara masa tsawo,
ya mayar, ya ɗiga masa kakin kyandir.

Na kaɗa.
Gurnani zalla, wankakke, har ƙasan cibiya.

Nan kakana ya faɗo mini a rai, a zauren gida, Kazaure,
yana huda gwangwani da ƙusa,
yana zura ƙananan zobba,
yana soka shi a wuyan garaya da gangan.
Cewa yake garayar da ba ta zuza
miya ce ba daddawa.
Shi kwana yake yana neman sauron nan,
ni na kwana ina farautarsa.

Ban gaya wa Wragg ba. Ta wane kunne?
Na ɗora ruwan shayi, ya ɗaga yatsa biyu, sukari ke nan.

Ribom ɗin har yanzu yana kan jita.
Rumasa'u ta tafi makaranta da kitso a sake,
ta ce in na gama da shi in sayo mata shuɗi.